Injin Sanyin Motar Alhaji

A soja na koyi gyaran mota. Lokacin babban yaƙin nan da aka kwashe mu aka tsallake teku da mu, cikin masu gyaran motocin ɗaukar kaya aka sa ni, na dawo gida da igiya biyu a hannun riga, da sana'ar da ta riƙe ni har tsufa. Mu asalinmu Zazzagawa ne, dukanci ya kawo kakana Jalingo, amma ni ban gaji basilla ba. Na yi 'yan shekaru a garejin En'e, daga baya na kafa nawa a unguwar Barade, gindin wani mangwaro da ke bayan gidanmu. Rumfa ce ta kwano, sai rami da na haƙa da hannuna don in riƙa shiga ƙarƙashin mota.

A ƙarshen zamanin Turawa motocin garin ba su da yawa, kowace da kukanta nake gane ta tun ba ta ɓullo ba. Akwai na En'e, akwai ta Di'o da ta likitan dabbobi, sai manyan motocin 'yan kasuwa masu kai gyaɗa da auduga Lau a bakin Binuwai, su dawo da gishiri da kananzir idan jirgi ya iso. Duk cikinsu babu wadda ban taɓa kwance wa ciki ba, har na fara ganin babu abin da ƙarfe zai ɓoye mini.

Ana nan sai wani Alhaji na unguwar Sarkin Dawaki ya sayo mota. Dattijo ne, mutanen Kano ne iyayensa, fataucin goro da shanu yake yi. A Jos ya saye ta hannun wani Ba'amurke da ya gama aikinsa zai koma ƙasarsu. Doguwa ce, mai ruwan ƙwai, sitiyarinta a hagu, kujerar bayanta mutum zai iya miƙewa ya yi barci. Amma abin da ya sa gari ya ɗauka shi ne sanyin da ke cikinta. Idan aka rufe gilasai aka murɗa wani maɓalli, sai iska mai sanyi kamar ta bakin randa ta riƙa fitowa, ko da rana tana tsaka. Abokan Alhaji duk sun shiga sun ji, wasu sun fito suna tasbihi. Shi kuwa mai motar ba ya son sanyin ko kaɗan, ya ce mura yake sa shi. Bayan makon farko sai ya hana a kunna, sai fa in an ɗauko baƙo.

Direbansa mutumin Mumuye ne daga wajen Zing, tare muka yi soja, don haka bai taɓa kira na da wani suna ba sai Kofur. Mutum ne mai tsabta da kula, kullum da tsumma a aljihun wandonsa. Ƙananan gyare-gyare shi yake yi da kansa, shi ya sa motar ta yi wajen shekara a garin ban leƙa ƙarƙashin bonat ɗinta ba.

Wata ranar Talata cikin bazara, mangwaro ya nuna yana faɗowa kan kwanon rumfata, sai ga shi ya shigo da ita a hankali. Bayan mun gaisa ya ce mini sanyi ya mutu, kuma Alhaji yana so a tashe shi kafin Asabar. Na tambaye shi yaushe Alhaji ya fara son sanyi. Ya ce ba don kansa ba ne, don Arɗo ne.

Arɗon nan kowa ya san shi da Alhaji. Bafulatani ne, rugarsa tana can hayin rafin Mayo Gwoi, tun suna samari suke kora shanu da ƙafa zuwa kudu tare. Tun kaka yake fama da ciwon ƙirji, an dawo da shi gidan Alhaji ana jinya, malamin asibiti ya ce abin ya fi ƙarfin maganin da ke hannunsa, sai Yola, inda ake ɗaukar hoton ƙirji. Hanyar Yola kuwa jar ƙasa ce, tafiyar yini. In an buɗe gilashi ƙura za ta shiga ta tayar masa da tari, in an rufe kuma mota ta zama tanderu. Ga hadari ya fara haɗuwa da yamma, da zarar ruwa ya sauka sosai rafuka za su kawo, hanya ta yanke.

Na ce ya buɗe bonat. Na san injin, na san lagireto, na san dinamo da batir. Amma a gefe guda ga wani dunƙulen ƙarfe kamar ƙaramin injin, da nasa bel, da bututu biyu da suka fita daga jikinsa, ɗaya ya yi gaba wajen lagireto, ɗaya ya nutse ya yi bayan mota. Ban taɓa ganin irinsa ba, ko a soja. Amma ban faɗa ba. Na gyaɗa kai kamar na gane, na ɗauko sifana, na ce bari mu ga ko bututun ne ya toshe, don a tunanina duk abin da ke da bututu toshewa ce cutarsa. Na ɗora sifana kan notin ke nan sai direba ya riƙe mini wuyan hannu.

Ya ce, "Kofur, kar ka taɓa wannan. Bature ya gaya mini, iska yana ciki. In ya fita, ba ka samu shi a nan, sai Ikko."

Na sauke sifana. Na ɗan ji kunya, na kuma ji tsoro daga baya, don da na juya notin nan rabin juyi da magana ta ƙare a wurin. Na ce ya bar motar, zan duba. Ya tafi da ƙafa, ni kuma na zauna kan benci ina kallonta har aka kira la'asar, ban sake taɓa komai ba.

Washegari da hantsi na tafi Sarkin Dawaki. Na tarar da Alhaji a zaure, daga ciki ana jiyo tarin Arɗo, mai nauyi, kamar ana jan guga a rijiya mai zurfi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ranka ya daɗe, gaskiya ita ce ban taɓa ganin wannan injin ba, ban san yadda yake aiki ba, kada a dogara da ni a makara. Ya murza carbinsa.

Ya ce, "Na sani. Wa ya taɓa gani a garin nan? Ka je ka duba shi yadda kake duba sauran. In ya yiwu, alhamdu lillahi. In bai yiwu ba, mu jiƙa zannuwa mu rataya a tagogi, mu tafi a haka."

Wannan maganar ta sauke mini kaya. Na biya na ɗauki direba muka koma gareji, na ce masa yau shi ne malamina, ya faɗa mini duk abin da ya sani game da abin nan, ko da yana ganin ba shi da amfani. Ya ce shi bai san komai ba, abu ɗaya kawai ya lura da shi. Da can idan ya murɗa maɓalli, yakan ji wani abu a gaba ya ce ƙas, sannan kukan injin ya ɗan yi nauyi, kamar jaki da aka ƙara wa kaya. Yanzu fanka tana hurawa, amma babu ƙas, kuma injin ba ya canza murya.

Na sa ya tayar da mota, na tsaya ina kallon dunƙulen ƙarfen, wanda daga baya na ji ana ce masa kwamfiresa. Bel yana juya fuli, wato ɗan gargaren da yake hawa, fuli yana ta gudu. Amma a fuskar fulin akwai wani faifan ƙarfe, shi a tsaye yake cik, ko an murɗa maɓalli ko ba a murɗa ba. Na sa aka kashe mota, na juya faifan da hannu, na ji yana juya wani abu mai nauyi a ciki. A nan kaina ya fara wayewa. Fuli daban, faifai daban, sai sun kama juna kwamfiresa za ta yi aiki. Wannan ai kuloci ne, irin wanda na sha canzawa, sai dai babu ƙafar da ke taka shi. To me ke taka shi? Na zagaya da yatsa, sai na samu wata siririyar waya guda ɗaya ta biyo gefe ta shiga wani ɗan akwati a bayan fulin. Wuta ce ke taka shi.

Daga nan aiki ya koma wanda na sani. Ina da ƙwan fitilar mota da na ɗaura wa waya biyu, da shi nake bin sawun wuta. Na duba fiyus, lafiyarsa lau. Na bi wayar daga maɓalli, ƙwai yana kamawa a kowace mahaɗa, har bakin ɗan akwatin. Wuta tana zuwa ƙofa, ba ta shiga ɗaki. Na kwance kusoshi biyu na zare akwatin, sai ga baƙin gari ya zubo mini a tafin hannu. A ciki akwai sifirin, da guntun gawayin buroshi irin na dinamo, ya cinye saura kamar ƙwayar gero. Shi ne ya kamata ya riƙa gogar wani zoben tagulla a bayan fuli yana ba shi wuta. Zoben kansa ya yi baƙi da giris da ƙasa.

Na yi murna da wuri. Na fasa tsohon batirin tocila na zare sandar gawayin da ke tsakiya, na goge ta ta yi daidai da ramin, na wanke zoben da fetur, na mayar. Direba ya murɗa maɓalli, muka ji ƙas. Ya kalle ni, na kalle shi. Na kai sifana kusa da faifan, sai na ji an fizge ta ta manne. Ashe waya ce a naɗe cikin fulin, idan wuta ta shige ta sai ya zama maganaɗisu ya jawo faifan. Amma da aka tayar da mota, ba a yi minti goma ba gawayin ya ruguje. Na tocila ba a yi shi don guga ba. Sai na tuna da wani mataccen dinamo na motar gyaɗa da ke jibge bayan rumfa. Na ciro buroshinsa, ya fi ramin girma sau uku, na zauna da magagari da samfefa ina rage shi kaɗan-kaɗan, ina gwadawa. Wannan ya ci mini sauran yinin, na tashi hannuna da gaban rigata baƙi ƙirin.

Ranar Alhamis da safe sanyi ya dawo. Muka rufe gilasai muka zaga har unguwar Yelwa muka dawo, direba yana ta dariya shi kaɗai. Ya so ya wuce kai tsaye ya gaya wa Alhaji, na ce a'a, tafiyar yini za a yi, zagayen unguwa ba gwaji ba ne. Muka ɗauki hanyar Lau da rana tsaka. Mun yi nisa, injin ya ɗau zafi sosai, na ce ya kashe sanyin ya sake kunnawa. Ya kunna, shiru. Ya sake, sai wata ƙara mai tsini kamar ana wasa wuƙa, da warin ƙarfe mai zafi. Muka tsaya gindin wata ɗorawa.

Na buɗe bonat, injin yana aiki, maɓalli a kunne. Faifan yana rawa, yana so ya kama ya kasa. Na ɗauki guduma na juya ta, na ɗan tura faifan da ƙotar icen. Ƙas, ya kama, ya ci gaba da juyawa lafiya. Muka kashe muka kunna, ya ƙi, na sake tura shi, ya kama. Sau uku ina yin haka. Da aka kashe mota na duba tsakanin faifan da fulin, na zura anini, ya shige har yana motsi. Shekaru suna gogar juna, fuskokin sun cinye, rata ta yi yawa. Da sanyin safiya maganaɗisun yana da ƙarfin da zai jawo faifan daga nesa, idan ya yi zafi sai ƙarfinsa ya ragu. Wannan ba a littafi na gani ba, a bakin hanyar Lau na zauna na ƙulla shi, direba yana yi mini fifita da hularsa.

Sai an matso da faifan ke nan. Da muka koma gareji na kwance notin tsakiya ba wahala, amma faifan ya ƙi fita, ya manne a kan sandarsa. Da motar gyaɗa ce da na sa ƙarfe biyu na ɓanɓare shi, amma wannan in ya lanƙwashe babu wani a duk lardin. Yayan matata maƙeri ne a Yelwa, mutum mai ƙarancin magana, fartanya da lauje ne yawancin aikinsa. Na ɗauko shi ya zo ya gani, na kwatanta masa abin da nake so: ƙarfe mai ƙugiya biyu da za su kama bakin faifan, da rami a tsakiya inda zan ɗaura kusa ta riƙa tura sandar. Ya auna da tsinke, ya karya tsinken daidai faɗin, ya sa a bayan kunne ya tafi. Kafin magariba ya dawo da abin, da sauran ɗuminsa. Na ɗaura, ina juya kusar a hankali, faifan ya fito sumul.

A bayansa na samu abin da nake fata, wani ɗan zoben ƙarfe, washa, wanda shi ke tsayar da faifan nesa da fuli. Na cire shi na mayar da faifan, sai ya zama ya matse da yawa, yana gogar fuli ko ba a kunna ba. Ana bukatar washa, amma wadda ba ta kai waccan kauri ba. Surukina ya karɓi tsohuwar ya jujjuya ta, ya dubi tarkacen da ke rumfar, ya ɗauki murfin gwangwanin taba. Ya yanka guda uku da almakashinsa, ya huda, ya daddale su a kan uwar maƙera tawa ta gareji har suka kwanta. Muka gwada ɗaya, ta yi kaɗan. Muka gwada biyu. Ba ni da ma'aunin rata mai kyau, nawa na soja ya yi tsatsa, sai na ninka katin wasiƙa biyu na zura, ya shiga da ɗan ja a kowane gefe. Na ce a bar shi haka.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci muka sake bin hanyar Lau, muka wuce ɗorawar jiya da nisa. Direba ya kashe ya kunna ya fi sau ashirin, kowane karo yana amsawa. Da muka kai wa Alhaji labari sai ya ce in shirya, da ni za a tafi, in abin ya yi gardama a hanya ga mai shi kusa.

Gari na wayewa ranar Asabar muka tashi. An shimfiɗa wa Arɗo bargo a kujerar baya, kansa a cinyar babban ɗansa, Alhaji ya takure a ɗaya gefen ya ɗora ƙafafun abokinsa a kan nasa. Ni ina gaba da akwatin kayan aiki tsakanin ƙafafuna. Arɗo ya rame ƙwarai, dogon mutum ne amma sai da ya zama kamar kara. Da rana ta ɗaga, mun doshi duwatsun Zing, direba ya rufe gilasai ya murɗa maɓalli. Muka ji ƙas.

An ɗan jima sai Arɗo ya buɗe ido, ya yi magana da Fulatanci a hankali. Ya tambayi ko an yi ruwa ne. Ɗansa ya ce a'a, motar ce. Sai ya ce iskar ta yi masa kama da ta saman Mambila da sassafe, shekarar da ya kai shanu can yana saurayi, har ya faɗi sunan wata saniya da ta haihu a hanya. Daga nan ya yi barci, irin wanda ɗansa ya ce ya yi makonni bai samu ba. Alhaji kuwa tun kafin Mayo Belwa ya fara atishawa. Ya ja rawaninsa ya rufe hanci, idanunsa suna ruwa. Direba ya tambaya ko a rage. Ya girgiza kai, ya nuna mai barcin da haɓa.

Mun tsaya sallar azahar a bakin wani rafi da bai kawo ba tukuna. Na buɗe bonat na zare ɗan akwatin na duba. Buroshin ya zauna, bakinsa ya ɗauki siffar zoben, yana ƙyalli. Na hure garin na mayar. Mun shiga Yola rana ta yi sanyi.

Likita ya riƙe Arɗo, ya ce ruwa ne ya taru a ƙirjin, za a zuƙe. Muka kwana biyu, muka bar shi da ɗansa muka juyo. A hanyar dawowa ruwan farko ya same mu, Alhaji ya sa aka buɗe gilasai duka, ya ce ya sha sanyin da zai ishe shi har ƙarshen rayuwarsa.

Arɗo ya yi wata biyu a can. Lokacin da aka sallame shi hanya ta riga ta yanke, ta jirgin ruwa ya biyo Binuwai ya sauka a Lau. Wata safiya cikin damina ina ƙarƙashin wata motar En'e sai na ga dogayen ƙafafu da sanda a bakin ramin. Na fito, ga shi tsaye, ya ɗan yi ƙiba, direban Alhaji ya kawo shi a motar. Muka gaisa, jam, jam, ya ce ya zo ne ya ga abin da ke yin sanyin da idonsa. Na buɗe masa bonat na nuna masa. Ya sunkuya ya daɗe yana kallo, ya kai yatsa ya taɓa, ya janye da sauri don ƙarfen da zafi. Ya dube ni kamar na yi masa wasa, na rantse masa shi ne. Na fara yi masa bayanin faifai da fuli, ya saurara cikin ladabi har na gama, ya ce useko, wato ya gode, Allah ya ƙara sani.

Sai ya koma mota ya ɗauko wata tsohuwar laima baƙa, ya ce tun bara ta ƙi buɗewa, ga damina ta yi tsaka, ko zan duba masa. Ya zauna kan bencina ya jingina sandarsa. Haƙarƙari biyu ne suka fita daga mazauninsu, wayar da ta ɗaure su ta tsinke. Na yanko sabuwar waya, na zauna kusa da shi ina zurawa, yana ba ni labarin yadda abincin asibiti yake.